Shekara 19 ina naɗa koyil, sai jiya na ji sunan wanda ya ƙirƙiro moto

Usman Rewainin: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun jiya nace bari in kawo shi nan tunda akwai masana a cikinmu. Shekara 19 kenan ina sana'ar rewainin, wato sake naɗa wayar moton lantarki, ba irin moton da bai bi ta hannuna ba, na sumo, na injin niƙa, na casar shinkafa, fanka kuwa ba a magana. To jiya muna cikin cire ƙonanniyar waya daga wani moto mai ƙarfin doki 10 sai yaron da ke zuwa koyon aiki wurina, ɗalibi ne, yace Oga ka san wanda ya fara yin wannan abun? Nace a'a. Yace wani ne wai shi Nikola Tesla, ni kuma a sanina Tesla sunan mota ne. Ya ce min mutumin nan duk duniya da aikinsa ake cin abinci amma shi a ɗakin haya na otel ya mutu da bashi a kansa ba mata ba ɗa. Wallahi jiya da ƙyar nayi barci, da wannan sana'ar nayi aure, da ita na gina ɗan gidan da nake ciki, yarana biyar da ita suke makaranta. Don Allah wanda ya san gaskiyar labarin ya warware min, cutarsa aka yi ko yaya abin yake?

Abba: Wa'alaikumussalam Baba Usman. Cutarsa aka yi ƙarara ba wani kwana-kwana. Thomas Edison, shahararren mai ƙirƙiran nan na Amurka, shi ne ya cuce shi, ya sa shi aiki yace zai ba shi dala dubu 50 da ya gama ya hana shi. Har giwa ya kashe da wutar Tesla don ya ɓata masa suna. Sannan Tesla ya gano yadda za a bai wa duk duniya wuta kyauta ta iska ba waya ba mita, masu kuɗi suka ga kasuwarsu za ta mutu suka rushe masa hasumiya. Da an bar shi da yanzu ba wanda zai biya kuɗin wuta.

Injiniya Kabiru: Malam Usman sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abba ɗan tsaya tukuna, ka haɗa gaskiya da labarin intanet ka dama su wuri ɗaya. Bari in fara daga tushe.

An haifi Tesla ranar 10 ga Yuli 1856 a wani ƙauye Smiljan, yanzu yana cikin ƙasar Kuroshiya amma a lokacin daular Ostiriya ce, shi kuma ɗan ƙabilar Sabiyawa ne. Babansa limamin coci ne kuma so yake yaron ya gaje shi. Mahaifiyarsa bata yi makaranta ba amma mace ce mai hannu, da kanta take ƙera 'yan kayan aikin gida, kuma shi da bakinsa yace ita ya gado. Yana saurayi kwalara ta kwantar da shi wata 9 har an fara cire rai, a kan wannan gadon ne uban ya yi masa alkawarin in ya tashi zai bar shi ya karanci injiniyanci. 1875 ya shiga kwalejin fasaha a Graz. A nan wani malaminsu ya kawo injin DC (wutar da ke tafiya miƙe hanya ɗaya, irin ta batir) aji yana nuna musu, kabon ɗin da ke gugar ɓangaren da ke juyawa yana ta tartsatsi, Tesla yace ai za a iya yin moto ba tare da wannan wurin gugar ba, malamin yace ba zai taɓa yiwuwa ba. Bai gama makarantar ba fa, caca ta shiga tsakani ya bari ba takarda, wannan ma a faɗa.

Ya samu aiki a kamfanin tarho a Budapest, kuma a can ne a 1882 yana yawo da abokinsa a wani lambu da yamma amsar ta faɗo masa, yace sanda ya ɗauka ya zana a ƙasa. Daga nan Faris a reshen kamfanin Edison, sai 1884 ya sauka Niyok yana dab da cika shekara 28. Wata shida kacal yayi a wurin Edison ya ajiye aiki. Maganar dala dubu 50 daga bakin Tesla ta fito, kuma a yadda ya rubuta manajan wurin ne yayi masa alkawarin daga baya aka ce wasa ne. Bayan nan wasu mutum biyu suka kafa kamfanin fitilun titi da shi, da abu ya kankama suka ture shi gefe suka riƙe takardun mallakar ƙirƙirarsa, sai da ta kai shi ga haƙan rami a titi ana biyansa dala 2 a wuni.

Usman Rewainin: Innalillahi. Haƙan rami, da wannan ilimin a kansa. Injiniya wannan wurin kabon ɗin na gane shi sosai, ai shi ne ciwon kan giranda da dirila da injin markaɗen gida, kullum kabon ya cinye ko amecha ta ƙone. Amma moton sumo ko na injin niƙa sai ya shekara goma in ba fes (layin wuta ɗaya) ne ya fita ba ko boris ya mutu. Kenan wannan bambancin shi ne aikin mutumin?

Maman Walida: Shi ne kuwa Malam Usman. Ni fiziks nake koyarwa a sakandaren 'yan mata kuma duk shekara in na zo wurin nan sai na ji daɗi. Ka duba abin da kake yi da hannunka, koyil kashi uku kake jerawa a jikin gangar moton ko ba haka ba? Wutar AC ba miƙe take tafiya ba, zuwa take tana dawowa, tamu ta nan sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Layukan nan uku kuma basa kai ƙololuwa lokaci guda, na farko ya hau, yana sauka na biyu ya hau, sannan na uku, kamar mata uku suna daka a turmi ɗaya kowace da lokacin da taɓaryarta ke sauka. To sai ƙarfin maganaɗisun ya riƙa tashi daga wannan koyil zuwa na gaba yana zagaye gangar alhali ba wani ƙarfe da ya motsa. Shi kuma roto, wato ƙarfen da ke juyawa a tsakiya, ba waya ko ɗaya da aka jona masa, maganaɗisun da ke wucewa ne ke haifar da wuta a jikinsa, wutar ta mayar da shi maganaɗisu shi ma, sai ya bi na wajen da gudu. Ba guga ba tartsatsi ba kabon. Abin da ya gani a lambun Budapest kenan.

Usman Rewainin: Allahu Akbar. Malama wallahi kin buɗe min kai. Shi ya sa in muka haɗa moto ya juya baya sai mu musanya waya biyu kawai ya dawo daidai, tun ina yaro maigidana ya koya min haka amma bai taɓa ce min ga dalili ba, ashe layin dakan muke juyawa. To fanka fa da take singil fes, wato layi ɗaya? In kafasito ya mutu sai ta tsaya tana gurnani sai an tura ta da hannu.

Maman Walida: Ka ba kanka amsa ai. Layi ɗaya mace ɗaya ce a turmi, sama da ƙasa kawai, ba zagaye. Kafasiton shi ke jinkirta wutar koyil na biyu kaɗan don a samu kamar layi biyu, in ya mutu fankar bata san ta ina za ta fara ba. Kuma ka duba farantin jikin moto mai fol 4 (kawunan maganaɗisu huɗu), za ka ga an rubuta 1440 ko 1450 alhali maganaɗisun 1500 yake zagayawa a minti. Dole roton ya ɗan kasa shi, ranar da ya kamo shi daidai wutar jikinsa ta ɗauke kenan.

Abba: Toh Anti ai kin ƙara tabbatar da maganata, shi kaɗai yayi wannan duka aka zo aka danne shi.

Injiniya Kabiru: Nan ne zan saɓa maka Abba. Ba shi kaɗai ba ne, kuma faɗin haka bai rage masa komai ba. Wani farfesa a Italiya Galileo Ferraris shi ma ya gano maganaɗisu mai zagayen nan da kansa, ya buga bayaninsa a farkon 1888, Tesla kuma ya samu takardun mallakarsa a watan Mayu na shekarar ya gabatar da lacca gaban ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka. Bambancin shi ne Ferraris ya ɗauka abin bazai yi amfani a masana'anta ba, Tesla kuwa ya zo da tsarin gaba ɗaya tun daga janareta har moto kuma ya tsaya a kai. Taransifoma ma ba shi yayi ba, akwai injiniyoyi uku na kamfanin Ganz a Hangari a 1885, akwai William Stanley da ya haska wani gari da ita a Amurka a 1886. Kai moton da Malam Usman ke naɗawa yau, tiri fes (layi uku) mai roto kamar keji, ya fi kusa da na Dolivo-Dobrovolsky, haifaffen Rasha da yayi aiki a kamfanin AEG a Jamus. Su ne a 1891 suka tura wutar tiri fes daga Lauffen zuwa Frankfurt kilomita 175. Motocin Tesla na farko layi biyu ne.

Giwar kuma sunanta Topsy, a 1903 aka kashe ta a wani wurin wasa a Niyok, lokacin rigimar da aka yi tsakanin masu AC da su Edison masu DC ta mutu da shekara goma, Edison ma baya wurin, kamfanin fim mai sunansa ne ya ɗauki hoton shi ya sa abin ya manne masa. Amma ba wanke shi nake ba. A 1888 wani Harold Brown ya riƙa kashe karnuka da maruƙa har da doki da wutar AC a gaban jama'a kuma da taimakon ɗakin gwajin Edison, suka kuma tura aka yi kujerar kisa da AC don mutane su riƙa kallonta a matsayin wutar ajali. Wanda aka fara kashewa William Kemmler a watan Agusta 1890, karon farko bai mutu ba sai da aka sake jona masa. Wannan abin kunya ne kuma da hannun Edison a ciki. Sai dai abokin faɗansa a lokacin George Westinghouse ne, mai kamfanin wutar AC da ya ɗauki aikin Tesla, ba Tesla ba.

Alhaji Sabo: Salam. Ni ba injiniya bane ɗan kasuwa ne, amma ina bin zancen tun ɗazu. Injiniya ka faɗa mana maganar kuɗi. Shi Westinghouse ɗin nawa ya biya shi? Don in an saya an biya to ba a ce cuta ba.

Injiniya Kabiru: Ranka ya daɗe Alhaji an biya shi. A watan Yuli 1888 suka yi yarjejeniya a kan takardun mallakar moton Tesla, dala dubu 60 tsakanin tsaba da hannun jari, sannan dala 2 da rabi a kan kowane ƙarfin doki ɗaya na moton da aka sayar. Wajen 1891 kamfanin ya shiga matsin kuɗi masu ba da bashi suka matsa, Westinghouse ya je ya same shi, Tesla ya yafe wannan kason na kowane doki. Daga baya a 1897 kamfanin ya sayi takardun gaba ɗaya a kan dala dubu 216.

Alhaji Sabo: To ni a nan nake ganin ya yi kuskure, Allah ya sani. Dala biyu da rabi kan kowane doki! Malam Usman kai kaɗai doki nawa ke wucewa ta shagonka a wata? Ba a yafe irin wannan. In abokin hulɗa ya shiga matsi sai a ce to a rage, ko a ɗage biya zuwa shekara kaza, ko a mayar min da shi hannun jari, amma ka ɗauki gonar da za ta ciyar da kai har tsufa ka bayar kyauta saboda kunya? Na ga irin haka da idona a kasuwa, wani bawan Allah mai gyaran injin saƙa da ba kamarsa a layinmu, kowa ya zo yace Malam a taimaka sai yace bar shi kawai, da ƙarfinsa ya ƙare mu muka riƙa haɗa masa kuɗin magani. Mai basira in bai iya lissafi ba to ya nemi amintacce ya riƙe masa.

Maman Walida: Alhaji da girmanka amma ban yarda gaba ɗaya ba. In kamfanin ya durƙushe wa zai biya shi kason? Kuma wa zai ƙera moton? A lokacin fa moton bai ma fara kawo kuɗin kirki ba, ana ta fama da shi ne. Shi burinsa abin ya fita duniya kuma ya fita. Shekara biyu bayan nan, 1893, Westinghouse ya haska babban bajekolin duniya na Shikago da AC, mutane miliyoyi suka gani da idonsu. A wurin ne Tesla ya ajiye ƙwai na jan ƙarfe a kan faranti, koyil na ƙasa, aka kunna ƙwan ya fara juyi har ya miƙe tsaye a kan tsininsa. Sannan aka zo babban aikin ruwan Niagara, janareto masu doki dubu biyar-biyar a kan tsarinsa, a watan Nuwamba 1896 wuta ta isa birnin Buffalo wajen kilomita 40. Wanda yake da dala dubu 216 a 1897 ba talaka bane Alhaji, ba yafewar ce ta talauta shi ba.

Issoufou Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina gaida Injiniya da Malama. Ni tambayata guda, mi ya hana DC ɗin Edison tafiya nesa? Don mu nan kuran (wutar lantarki) da muke sha ta Katsina take shigo muna, na Yamai kuma ta Birnin Kebbi daga Kainji, kullum in na bi hanya na ga manyan turakun nan sai in ce wannan abu da nisa yake tahowa.

Injiniya Kabiru: Malam Issoufou barka da zuwa, ka kawo misali mai kyau. Tashar Edison ta farko a titin Pearl a Niyok, 1882, bolt 110 take bayarwa kuma bata wuce kamar mil ɗaya, in an wuce haka fitila sai ta koma ja kamar garwashi. Dalili, waya tana cin wuta ta mayar da ita zafi, kuma asarar da yawan amfiya take tafiya, ninki a kan ninki. In ka ɗaga bolt sau 10 amfiya ta ragu sau 10, asara kuma ta ragu sau 100. To AC taransifoma na ɗaga ta ta sauke ta cikin sauƙi, DC kuwa a wancan zamanin ba yadda za a yi da ita. Shi ya sa daga Kainji ake ɗaga ta zuwa bolt dubu 330, a sauke zuwa dubu 132 irin layin da ke shiga wajenku, sai dubu 33, dubu 11, har taransifomar unguwa ta ba Malam Usman 415 tsakanin layi da layi. Da tsarin Edison aka bi da sai kowace unguwa ta samu tashar wutarta. Matsalar AC ɗaya a lokacin ita ce ba ta da moton kirki, fitila kawai take kunnawa, masana'antu kuma moto suke so. Wannan ramin Tesla ya cike. Kamfanin Edison da kansa bayan an haɗe shi ya zama General Electric a 1892 AC ya koma, har da su a aikin layin Buffalo.

Danladi Sola: Ni fa ina gefe ina jin ku amma a yi wa DC adalci. Duk aikin da nake yi yau DC ne, fanel DC yake bayarwa, batir DC, wayar da kuke rubutu da ita DC, gulob ɗin LED ma a cikinsa DC ne. Fankar DC da nake sa wa mutane yanzu bata cin rabin abin da tsohuwar fanka ke ci. Kuma manyan layuka masu nisan gaske yanzu DC ake yi, akwai wanda ya taso daga dam ɗin Cahora Bassa a Mozambik zuwa Afirka ta Kudu sama da kilomita 1,400, akwai na Inga a Kwango. To Edison bai yi ƙarya ba, lokacinsa ne bai zo ba.

Injiniya Kabiru: Gaskiyarka Danladi, abin da ya canza shi ne yanzu akwai na'urorin da ke ɗaga DC su sauke, a 1890 babu. Amma in ka sa wa mutum sumo na tiri fes a kan sola me kake sakawa tsakani?

Danladi Sola: Inbata mana, ta mayar da ita AC tiri fes. Eh na gane inda ka nufa Oga, moton dai nasa ne.

Abba: Naji duk wannan na kuma yarda da maganar giwa, na duba naga 1903 ne. Amma hasumiyar fa? Ita ba wanda ya taɓa ta. Mutumin da ya tuƙa ƙaramin jirgin ruwa da rimot a 1898 a gaban jama'a lokacin ko rediyo babu a gidaje, kuna ganin in yace zai aika wuta ta iska ƙarya yake? Attajirin bankin nan J.P. Morgan ne yace in ba inda za a sa mita bazai ba da kuɗi ba.

Injiniya Kabiru: Jirgin gaskiya ne, a Madison Square Garden ya nuna shi, wasu ma suka ce biri ya ɓoye a ciki. Kuma ba ƙarya yake ba Abba, ya yarda da abin har zuciyarsa, amma yarda daban aiki daban. 1899 ya tafi Colorado Springs ya gina ƙaton koyil irin nasa yana fitar da tartsatsi kamar tsawa, ya dawo da yaƙinin cewa ƙasa kanta za ta iya zama waya. A 1901 Morgan ya ba shi dala dubu 150 don ya gina tashar aika saƙo zuwa Turai, saƙo fa ba wuta ba. Shi kuma ya faɗaɗa aikin ba da yardar mai kuɗin ba, hasumiyar Wardenclyffe mai tsayin mita 57 ga rami mai zurfi a ƙarƙashinta. Ana cikin haka a watan Disamba 1901 Marconi, wani ɗan Italiya mai aikin rediyo, ya tsallakar da sigina tekun Atlantika da kayan da basu kai nasa tsada ba ko kusa. Ka sa kanka a matsayin Morgan. Tesla ya koma neman ƙari aka ce a'a, ya yi ta rubuta wasiƙu shekara da shekaru. Maganar mita labarin baki ce da aka ƙaga daga baya. Rushewar kuma a 1917 ne, ya riga ya jinginar da filin ga mai otel ɗin Waldorf-Astoria saboda bashin kwana da abinci wajen dala dubu 20, aka rushe aka sayar da ƙarafan.

Sannan ita wutar iska, yau fiye da shekara ɗari kowa na da damar gwadawa, ƙasashen da basa ga maciji da Amurka ma suna da injiniyoyi. Ƙarfi in ka sake shi a sarari bazuwa yake ta ko'ina, abin da zai iso gidanka bai taka kara ya karya ba. Cajin waya marar igiya da ake yi yanzu ɗaga wayar kaɗan daga kan farantin ka gani. Kuma ko da ta yi aiki ai sai an gina dam ɗin an biya ma'aikata, kyauta daga ina.

Alhaji Sabo: To kun ga maganata ta dawo. Ga inda kuɗin ya tafi.

Maman Walida: A nan kam na bi ka Alhaji. Ga gobarar da ta cinye ɗakin gwajinsa kaf a 1895 da duk takardu da injuna, ga rayuwar manyan otel, ga hasumiya. Amma ni ƙarshensa ne ke sa ni hawaye. Mutumin da manyan Niyok ke rububin cin abinci da shi ya koma daga wannan otel a kore shi zuwa wancan saboda bashi, abokansa tattabaru, kullum sai ya je dandali ya watsa musu tsaba, wadda ta ji ciwo ya ɗauko ta ya kawo ɗaki yana jinya. Daga 1934 kamfanin Westinghouse ya riƙa ba shi dala 125 a wata yana biya masa haya. Ranar 7 ga Janairu 1943 ya rasu a ɗaki mai lamba 3327 a otel ɗin New Yorker yana da shekara 86, ma'aikaciyar otel ce ta shiga ta tarar da shi. Wata biyar bayan nan kotun ƙolin Amurka ta soke wata babbar takardar mallakar Marconi ta rediyo saboda aikin waɗanda suka riga shi, Lodge da Stone da shi Tesla. Bai ji wannan ba.

Abba: Kuma gwamnati ta kwashe takardunsa, wannan dai ba za ku ce ƙarya bane.

Injiniya Kabiru: Ta kwashe, lokacin yaƙin duniya na biyu ne kuma ya sha cewa yana da makamin da zai kakkaɓo jirage. Aka kira wani farfesan jami'ar MIT ta Amurka, John Trump, ƙanin mahaifin Donald Trump, ya duba yace ba wani abu mai haɗari a ciki, yawanci tunani ne da hasashe. Daga baya aka tura kayan Belgrade, suna gidan tarihinsa har yau tare da tokar gawarsa. Kuma ba a manta da shi ba kamar yadda ake yaɗawa, a 1917 ya karɓi lambar girma mafi daraja ta injiniyoyin lantarkin Amurka wadda sunan Edison ke kanta, a 1960 aka sa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu sunansa, in ka je hoton MRI ka ji ance injin tesla 1.5 ne to shi ne. Filin jirgin saman Belgrade sunansa ne, hotonsa na kan kuɗin Sabiya. Kamfanin motar kuma a 2003 aka kafa shi, sunan kawai suka ara don girmamawa.

Usman Rewainin: Nagode ƙwarai Injiniya, Malama, Alhaji, kowa da kowa Allah ya saka da alheri. Abba kai ma nagode don da baka ja ba da ba a fito da rabin wannan ba. Ni dai har yanzu zuciyata bata daina yi min zafi ba a kan haƙan ramin nan da ɗakin otel ɗin, ko laifin waye. Amma Malama maganar ƙwan nan na Shikago ta tsaya min, don mu ma muna yin irinsa ban san sunansa ba. In na gama naɗi kafin in mayar da roto, sai in ba gangar wuta 'yar kaɗan ta taransifomar gwaji in jefa ƙwallon boris ɗaya a ciki, in haɗin yayi daidai sai ka ga ƙwallon ya kama zagaye yana bin bango fiiii, in kuma na juya koyil ɗaya sai ya maƙale wuri guda yana rawa. Maigidana Allah ya jiƙansa haka yake gwadawa.

Maman Walida: Malam Usman don Allah da gaske? Shekara nawa ina zana wannan abu a allo da alli yara na kallona kawai. In na nemi izinin makaranta zan iya kawo 'yan aji uku su gani? Su 24 ne.

Usman Rewainin: Ki kawo su Malama amma kashi biyu don shagon ba shi da faɗi, kuma ba mai taɓa komai sai ni, su tsaya bayan benci. Ranar Asabar da safe ya fi, akwai wani mai doki 5 da zan gama naɗinsa ranar Alhamis, zan ce wa mai shi ya bar min shi zuwa Asabar da azahar. In ba wuta zan tayar da janareta.

Issoufou Maraɗi: A ɗauko muna bidiyo don Allah, mu na nesa mu gani.

Abba: Baba Usman ni zan zo in ɗauka, ƙarfe nawa?

Usman Rewainin: Tara. Ka zo da wuri ka taya yaron share wurin.